Motar Da Ba Ta Ƙin Kowa Sai Baba

Yayanmu ne ya saya wa Baba motar, a shekarar da gwiwar Baba ta hagu ta fara ciwo. Tsohuwa ce 'yar Kwatano, ruwan toka, irin wadda ake kira atomatik, mai sauya wa kanta giya ba sai an taka kuloci ba. Da aka kawo ta ƙofar gidanmu a Ƙaura, Baba ya zagaya ta, ya buɗe ƙofa, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin sitiyari. Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago sai ya ce, "Ina abin takawa na ukku? Ko hanya anka sace shi?"

Aka yi masa bayani. Ya ce to, ya ji, an kawo masa motar ragwaye, Allah ya yi albarka.

Baba direban babbar mota ne tun kafin a haife mu. Gyaɗa, gero, dawa, auduga, babu abin da bai ɗauka ba tsakanin tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura da kasuwannin Shinkafi da Zurmi. Da ya ajiye aikin ya sayar da gingimarin, abu ɗaya ya hana a tafi da shi, wato ham ɗinta. Wani ƙaho ne na ƙarfe mai aiki da iska, wanda idan aka danna shi awakin unguwa gaba ɗaya sai sun ɗaga kai. Motar ba ta yi kwana nawa a gidan ba ya kira mai gyaran wayar mota, wanda muke ce wa rewaya, ya ɗaura masa shi. Sai ga ƙaramar mota da muryar gingimari.

Ham a wurin Baba ba na korar mutane daga kan hanya ba ne, na gaisuwa ne, kuma kowa da rabonsa. Tsara da na ƙasa da shi, taɓi ɗaya gajere. Abokin wasa, biyu a jere masu tsokana. Dattijo ko malami ko suruki, shi ake ja wa dogo, a haɗa da ɗaga hannu. Mutanen gari sun san tsarin nan sarai. An taɓa yin wani maƙwabcinmu da ya dawo daga aikin hajji, ya zo har zaure yana tambayar ko ba a ƙara masa tsawo ba ne yanzu. Ni kuwa malamin lissafi ne a sakandare, wuni nake cikin hayaniyar ɗalibai, don haka na tsani ham ɗin nan tsana mai tsanani. Idan na ari motar ko kusa da shi ba na kai hannu, in ɗaga wa mutum yatsa ta gilashi ya ishe ni.

Motar ta yi shekaru tana tafiya lafiya. Sai a daminar da nake ba da labari ta tsiro da wani hali. Ana cikin tafiya sai ka ji gum daga ƙasa, wata 'yar fitila ta kama ƙyaftawa a gaban direba, giya kuma ta maƙale a wuri ɗaya. Daga nan ko ka taka totur har ƙasa sai dai ihu, tafiyar kuwa ta jaki mai kaya. Maganin shi ne a tsaya a kashe ta, a sake tayarwa, sai ta wuce kamar ba ita ba.

Abin da ya ɗaure mana kai, ba ta yi wa kowa haka sai Baba. Na kai ta Banga na dawo cikin taɓo, ko tari ba ta yi ba. Maƙwabci ya are ta ya kai matarsa awo, lafiya lau. Yaya da kansa ya zo ya tafi da ita Gusau, inda yake aiki, ya dawo da ita yana yabon ta. Amma Baba, daga ƙofar gida zuwa masallacin Juma'a sai ya tsaya ya kashe ya tayar ya fi a ƙirga, mutane na wuce shi a ƙafa suna yi masa sannu.

Yaya mutum ne mai yanke hukunci ta waya. Ya kira ni da hantsi ina tsakiyar aji.

"Ba motar ba ta, Baba na," in ji shi. "Tsuhwa ta zo. Ƙahwar hagun nan ta saba da kuloci, yanzu birki taka takawa bai sani ba. In na taho ƙarshen wata ba a gano komi ba, zan karɓi makulli. Kada wata rana a kira mu a ba mu mugun labari."

Ban faɗa wa Baba ba, Inna na faɗa wa, wanda duk ɗaya ne. Kafin magariba ya ji. Bai yi faɗa ba, da ya yi ma da ya fi mini sauƙi. Tuwo ya ɗan taɓa ya ture kwanon. Da motar nan yake zuwa gonarsa ta Ɗan Isa, da ita yake zuwa Zurmi duba ƙanwarsa da mijinta ya rasu, da ita yake kai gaisuwar mutuwa da barkar suna, ba ya jiran kowa. Ya dube ni ya ce, "Malam," haka yake kira na idan yana son ya tsokane ni ko ya ji mini ciwo, "ni da na koya ma rabin direbobin garin ga tuƙi, ni za a riƙa ɗorawa baya kamar buhun taki?"

Na ji tausayinsa, na kuma ji haushinsa, don a raina na yarda da maganar Yaya. Duk da haka na ce masa za mu nemi inda cutar take.

Bakaniken farko a Ƙaura ya zaro sandar man giya ya shinshina, ya ɗanɗana da harshe, ya ce man ya mutu. Aka sauya. Da abin bai daina ba sai ya ba da shawarar a cire giyabos ɗin gaba ɗaya a sa mai kuloci, kowa ya huta. Idon Baba ya yi haske, har ya miƙe tsaye don murna, sai gwiwar ta tuna masa da kanta ya koma ya zauna.

Na biyu wani rewaya ne, mai aiki da allura. Duk wayar da ya gani sai ya soke ta ya ga ko da wuta, har na fara tausayin motar. Ya wuni yana suka bai sami komai ba. A ƙarshe ya kira ni gefe ya ce abin da zai iya yi mana shi ne ya cire ƙwan fitilar nan mai ƙyaftawa, don hankalin Alhaji ya kwanta. Na ce masa giyar fa? Ya ce ai giya ba sashensa ba ne.

Na uku ya zo ne daga Gusau da wata na'ura a jaka, Yaya ya turo shi. Ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari ya karanta Turanci ya gyaɗa kai. Shi ne ya fara yi mana maganar da ta shiga kunne. Ya ce akwai ɗan akwati a motar da suke kira ƙwaƙwalwar giya, shi ke ba da umarnin a hau ko a sauka. Idan wuta ta yanke masa ko ta ragu, sai ya tsorata ya riƙe giya ɗaya gam, don dai mota ta lallaɓa ta kai gida. Ya ce akwatin na kukan ana ɗauke masa wuta. Muka ce wa ke ɗaukewa? Ya ce wannan kuma na'ura ba ta faɗa ba. Ya sa aka sauya batir, ya danna wani wuri ya ce ya goge laifin. Ni da nake malami na gane irin wannan aikin, goge allo ne ba a warware lissafin ba. Washegari Baba ya fita, bai kai bakin kasuwa ba ta yi gum.

Abokan Baba na majalisa ba a bar su a baya ba. Wani ya ce motar ƙasar sanyi ce, damina ke tuna mata da gida. Wani ya ce baki ne, a yi sadaka. Aka yi sadakar, almuru ɗaya Inna ta raba waina har unguwar gaba, mota ba ta san ana yi ba.

Daga nan Baba ya ce a gwada maganar mutumin Gusau. Haka yake ce wa Yaya, don ɗan fari ne, ba ya kama sunansa. Tunda ƙafar hagu ake tuhuma, to a sa mata ido. Ya cire takalmin hagu ya ajiye a kujerar baya, ya naɗe ƙafar ya zauna a kanta, da ciwon gwiwar da komai, yana cije baki. Ni kuma aka ce in sunkuya in tura kai ƙasa in tsare ƙafar dama. Ni da mata da 'ya'ya, ni da ake miƙe wa tsaye idan na shiga aji, haka na tafi har Ɗan Isa kaina a ƙarƙashin sitiyari ina kallon fason dugadugin mahaifina. Ham na tsage mini kunne daga sama ina tsine masa a zuci. Muna cikin gari ta yi gum, muka kashe muka tayar, ta sake yi. Da muka fita fili tsakanin gonaki, gero ya rufe hagu da dama, sai ta tafi sumul. Ƙafar dama kuwa ba ta yi laifin komai ba, totur da birki take takawa a kan lokaci, cikin natsuwar da ni kaina ba ni da ita. Da muka dawo na tarar labari ya riga mu gida, wai an ga Baba ya ɗauko ni a naɗe ciki na ciwo. Matata har ta jiƙa kanwa.

Na kira Yaya na ce ƙafa ta fita daga zargi.

"To in ba ƙahwa ba wani wuri na," in ji shi. "Mota ba ta san mutum ba. Ina nan tahe."

Ranar da zai zo ta kama ranar kasuwar Shinkafi, kuma an ba mu labarin wani rewaya a can da ake cewa babu irinsa. Hanyar nan yanzu ba a bin ta sai rana ta ɗaga, a bi ayarin motoci, a dawo kafin la'asar, kowa ya san dalili. Inna ta roƙa ni in tuƙa. Baba ya zauna a gefe ya harɗe hannu, mota kuwa ta dinga sauya giya cikin daɗi kamar da gayya. Haka muka isa.

Rewayan Shinkafi ƙato ne mai tumbi da yawan magana. Kafin mu gama sallama ya shaida mana cewa daga Maraɗi ake kawo masa motoci, kuma shi wuta da ido yake ganin ta a cikin waya. Ya karɓi makulli ya zaga gari ya dawo yana murmushi.

"Alhaji, motag ga ko sabuwa albarka," in ji shi. Sai ya juyo ya yi mini wani kallo, irin wanda likita ke yi wa ɗan majinyaci. Baba bai ga kallon ba, amma ya ji shirun da ya biyo baya.

"Shiga baya," Baba ya ce wa rewayan.

"Alhaji ai na riga na..."

"Shiga baya, na ce. Ni ka tuƙi."

Don dai a rabu lafiya, rewayan ya ɗauko doguwar waya mai ƙwan fitila a baki, ya jona ta a wayar da ke kai wa ƙwaƙwalwar giya wuta, ya ja ta har kujerar baya. Ya ce muddin wuta na isa, ƙwan zai tsaya da haskensa. Ya zauna ya baje, ƙwan a hannun hagu, gasasshiyar masara a hannun dama. Baba ya gyara hula ya tayar.

Baba a Shinkafi ranar kasuwa, ai gida ya zo. Ba mu kai kwanar farko ba ya hango wani a tsaye ya ja masa ham dogo ya ɗaga hannu. A daidai lokacin ƙwan nan ya dushe ya yi ja kamar garwashin da ke shirin mutuwa, ƙasan mota ya ce gum. Na waiga. Rewaya ya daina tauna, masara a baki.

"Alhaji, kashe ka tada." Baba ya kashe ya tayar. "To ƙara danna ham."

"In danna ma wa?"

"Kowa ma. Iska."

"Ba ni gaida iska," in ji Baba. "Gaisuwa ba abin wasa ba ta."

Haka muka lallaɓa muna jiran Allah ya kawo wanda ya cancanta, ni da rewaya muna leƙen taga kamar masu neman ɓatacciyar akuya. Ba a daɗe ba Baba ya sami nasa, ya ja dogo. Ƙwai ya dushe, mota ta ce gum. Rewaya ya buga cinya har masarar ta faɗi.

Da muka koma gareji bai sha wuya ba. Ya bi wayar ham da yatsa har inda ta ƙare, sai ga ta an murɗa ta a kan fis ɗaya, wato mashigar wuta ɗaya, da ƙwaƙwalwar giya, an naɗe da leda. Aikin rewayan da ya ɗaura ƙahon ne tun farko, ya ga wuri mai wuta ya rataya kayansa ya tafi. Taɓi gajere akwatin na iya jurewa. Amma idan aka ja dogo, injin iskar ƙahon sai ya shanye wutar, akwatin ya tsorata ya riƙe giya. Duk mu da muka gwada motar babu mai gaisuwa da ham, balle dogo.

"Dama tun da kunka shigo na san ham na," in ji rewaya, yana jawo sabuwar waya daga batir da fis nata na kanta. "So nike ku gani da idonku." Yana cikin ɗaure wayar ya tambayi yaushe aka sa ƙahon. Na ce tun zuwan motar. Ya ɗan tsaya. "To mi ya hana ta yi sai bana?" Kafin wani ya amsa ya amsa wa kansa, ya ce waya ce ta tsufa. Baba yana kallon wani wuri ya ce haka ne.

Aka gwada. Baba ya sami wani tsoho mai sayar da igiya ya ja masa dogon da har tsohon ya dafe ƙirji, ƙwai bai ko girgiza ba. Baba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Ya ce in kira mutumin Gusau yanzu yanzu, na kira ba ta shiga ba. Ya ce ba komai, gara ma ido da ido. Na ce, "Baba, ku yi hanƙuri, ni ma na zarge ku." Ya ce ya sani, in shiga mu tafi rana na yi.

Shi ya tuƙo mu. Yanzu da ba ni da aikin tsaron ƙafa, sai na zauna kamar mutum ina kallon hanya. Mota na tafiya sumul, Baba na ba da labarin zamanin da ake kwana a hanya idan gulbi ya kawo. A ƙauyen farko ya ja wa wani matashi ɗan kabu-kabu dogo, ya ɗaga masa hannu. Na ce a raina murna ce. A na gaba ya ja wa 'yan mata masu tallar awara. Ya ja wa wani Bafulatani da na tabbata bai taɓa ganin sa ba. Muna shiga Ƙaura sai ga babban abokin wasansa a bakin shago, mutumin da tun ina yaro biyu masu tsokana yake samu. Baba ya ja masa dogo na girmamawa. Mutumin ya tsaya da hannu a sama, ya waiga bayansa ya ga ko wani babba ne ke tafe. Gaba kaɗan akwai buhunan taki da aka jingine a gindin bishiya aka lulluɓe da farin tamfol saboda ruwa. Baba ya ja musu dogo, ya ɗaga hannu, har da ɗan sunkuyar da kai.

Na fashe da dariya. Ban gama ba na katse ta, don na lura tun daga Shinkafi ban ji gajere ko ɗaya ba. Na dubi gefen fuskarsa, ya ɗan matso da kai kusa da gilashi, ya ƙanƙance ido. Tsoro ya kama ni.

Muka karyo kwanar gidanmu rana na nan da sauranta, gari fes bayan ruwan jiya. Yaya na tsaye a ƙofar gida cikin farin kaftani, shi kaɗai, yana fuskantar mu. Baba ya ja masa dogo ya ɗaga hannu. Ya rage gudu, ya sassauta murya.

"Malam, wane baƙo na ƙohwar gida?"

Na ce, "Baba, Yaya na."

Ya gyara tsayuwar motar daidai jikin katanga yadda ya saba, ya kashe ta, ya zare makullin ya riƙe.

"Tun bara huskoki sunka hwara haɗe mani," in ji shi. "Hanya ina ganin ta. Mutane na ba ni rarrabewa. Na ce gara in ba kowa girma da in wuce surukina da taɓi guda."

Ya kamo hannuna ya sa makullin a ciki ya rufe yatsuna a kai.

"Hita ka hwaɗa mai abin da rewaya ya gano. Ka hwaɗi da ƙarhi, Innarku ta jiya, maƙwabta su jiya, ba tuƙina ya ɓata ta ba. Sauran ni ka hwaɗa mai da bakina."

Na jefa makullin a aljihu na fita. Yaya ya miƙo hannu mu gaisa, ban ko karɓa ba na hau shi da bayani, fis da waya da leda da ƙwan fitila, ina ɗaga murya kamar ina aji, idona na yaji. Inna ta leƙo daga zaure, maƙwabta suka fara fitowa, Yaya na ta cewa to, to, ya ji, me ya yi zafi. Baba yana zaune a mota, hannunsa biyu a kan sitiyari, bai buɗe ƙofa ba sai da na gama.